Bature da baƙar fata a cikin littafi: tambayoyin da ɗaliban adabi suka fi yi kan mulkin mallaka

Tambayoyin nan su ne ke ta dawowa daga bakin ɗalibai masu rubuta jinga ko kundin digiri a kan yadda adabi ya nuna mulkin mallaka da fifikon launin fata a Afirka. An fara da na farkon shiga, aka gangara zuwa masu bukatar a buɗe littafi a duba shafi.

Idan malami ya ce a nazarci "dangantakar iko" a cikin littafi, me yake so a nemo?

Yawancin ɗalibai bindiga da bulala suke zuwa nema, su kawo wurin da aka doki wani, su ce sun gama. Duka yana ciki, amma shi ne mafi sauƙin gani, saboda haka shi ne mafi ƙarancin maki. Abin da ake so shi ne ka lura da yadda iko ke aiki ranar da ba a doki kowa ba: wa ke zaune a kujera wa ke tsugune, wa ake kira da sunansa wa ake ce wa "kai yaro", wa marubuci ya bari muka ji abin da ke ransa, wa kuma sai dai mu hango shi daga nesa yana ɗauke da kaya. Sannan idan mutum biyu suka yi laifi iri ɗaya, wa aka kora daga aiki, wa aka yi wa canjin gari kawai.

Ka ɗauki babi ɗaya, ka ja layi a tsakiyar takarda, Turawa a dama, 'yan ƙasa a hagu. Rubuta sunan duk wanda aka ambata da suna, ka ƙirga sau nawa kowa ya yi magana da bakinsa. Sau da yawa wannan ƙidayar kaɗai ta isa ta ba ka jigon jingarka.

Da wane littafi ya fi kyau a fara?

Kada ka fara da ɗaya, fara da biyu masu jayayya da juna. Ga ɗalibin Nijeriya, haɗin da ya fi amfani shi ne Mister Johnson na Joyce Cary, wanda ya fito a 1939, da Things Fall Apart na Chinua Achebe, na 1958. Achebe ya karanta na Cary yana ɗalibi a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, kuma ya sha faɗin cewa rashin gamsuwa da irin ɗan Nijeriyan da ya gani a ciki yana daga abin da ya tura shi rubutu. Mai Faransanci kuwa, musamman a Nijar da Kamaru, ya fara da Une vie de boy na Ferdinand Oyono, na 1956: gajere ne, ana gama shi a yini biyu.

Me ke cikin Mister Johnson da har yanzu ake ta ce-ce-ku-ce a kansa?

Cary ba ɗan yawon buɗe ido ba ne. Jami'in mulki ne da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, har da ƙasar Borgu, kafin ya bar aikin a 1920, don haka ya san ofishin Di'o ciki da bai. Labarin yana faruwa a wani ƙagaggen gari mai suna Fada. Johnson matashin akawu ne daga Kudu, ɗan makarantar mishan, baƙo a garin, wanda ke ɗaukar Ingila tamkar garinsu alhali bai taɓa ganin ta ba. Maigidansa Rudbeck ba abin da ke ransa sai gina hanyar mota. Da kuɗi suka ƙare, Johnson ne ya kawo dabarar karkatar da kuɗin wasu ayyuka zuwa aikin hanya, Rudbeck ya yarda. Da asiri ya tonu, Johnson aka kora. Daga baya ya kashe wani Bature mai kanti, Gollup, a wajen sata, aka yanke masa hukuncin rataya, ya roƙi Rudbeck ya harbe shi da hannunsa maimakon igiya, shi kuwa ya harbe shi.

Masu kare littafin suna cewa ai ga shi Cary ya tona rashin adalcin tsarin: dabara ta mutum biyu, hukunci na mutum ɗaya. Gaskiya ne. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda aka gina Johnson kansa: mai waƙa, mai rawa, mai alkawarin da ba ya cikawa, wanda ba ya tuna jiya ba ya shirin gobe, kuma har bakin kabari yana ganin Rudbeck masoyinsa ne. Wannan shi ne ainihin hoton da jami'an mulki ke riƙe da shi, cewa baƙar fata yaro ne mai ban sha'awa da ke bukatar uba. Littafin yana tausaya wa Johnson, amma irin tausayin da ake yi wa yaro. Jinga mai kyau takan riƙe ɓangarorin nan biyu tare, ba ta yar da ɗaya.

Conrad ya soki zaluncin da aka yi a Kwango, to don me Achebe ya zarge shi da wariyar launin fata?

Joseph Conrad ya je Kwango a 1890, lokacin ƙasar tana hannun Sarki Leopold na biyu na Beljiyam a matsayin mallakarsa ta ƙashin kansa. Labarinsa Heart of Darkness ya fara fitowa a mujalla a 1899, ya zama littafi a 1902. Suka kam akwai ta, mai zafi. Dubi wurin da Marlow, Baturen da ke ba da labarin, ya shiga inuwar itatuwa ya tarar da leburorin da aiki ya cinye suna kwance suna jiran mutuwa, ya miƙa wa ɗaya biskit, bai yi nisa ba ya ci karo da akawun kamfani cikin farar riga mai sitaci, tsaf kamar ango. Ba a bukatar sharhi bayan wannan.

Abin da Achebe ya faɗa a laccarsa ta 1975 a Jami'ar Massachusetts da ke Amurka shi ne, duk da haka Afirka a littafin fage ce kawai da aka shimfiɗa don a nuna yadda hankalin Bature ɗaya, Kurtz, ya wargaje. Babu ɗan Afirka ko ɗaya da aka kira da sunansa. Harshensu kuwa gurnani da ihu aka mai da shi, sai wurare biyu kacal da aka sa musu gurɓataccen Turanci a baki: ɗaya mai neman a ba su mutum su ci, ɗaya mai sanar da mutuwar Kurtz. Matar Kurtz ta bakin kogi ba mu ji kalma ɗaya tata da za mu gane ba, budurwarsa ta Turai kuwa an ba ta shafukan ƙarshe na littafin sukutum. Wani zai ce ai yawancin Turawan ma ba su da suna, manaja ne da akawu. Haka ne, sai dai su suna magana, suna ƙulla makirci, muna jin su. Mutum yana iya ƙin zalunci bai yarda shi da wanda ake zalunta daidai suke ba, kuma a nan Achebe ya fi masu sukarsa hujja.

Ra'ayin mai ba da labari shi ne ra'ayin marubuci?

Ba dole ba ne, kuma rikita su na cikin kurakuran da suka fi zubar da maki. A littafin Conrad hawa uku ne: marubuci, sai wani mai labari marar suna da ke zaune a jirgin ruwa a kogin Landan, sai Marlow da ke ba su labari. Kafin ka ce "Conrad ya ce", tambayi kanka ko akwai inda littafin ya ƙaryata Marlow, ko ya kawo wata murya da ta fi tasa. Idan babu, to kana da damar ɗora wa marubuci wani kaso na nauyin. Kwatanta da shafin ƙarshe na Things Fall Apart: Di'o yana kallon gawar Okonkwo, jarumin littafin, yana lissafin cewa labarin mutumin nan zai iya cika sakin layi ɗaya a littafin da yake rubutawa kan lallashe ƙabilun bakin Neja. Ba mai cewa wannan ra'ayin Achebe ne, domin babi 24 da suka gabata sun riga sun ƙaryata Di'on.

Me ya sa tafinta, masinja, akawu da boyi suka cika waɗannan littattafai?

Domin ta hannunsu talaka ya san mulkin. Turawan mulki 'yan kaɗan ne a kan miliyoyin mutane, wani ƙauyen sai ya shekara bai ga farar fata ba, amma masinja da mai karɓar haraji ba sa fashi. Achebe ya nuna wannan da lissafi. Da aka tsare shugabanni shida na Umuofia, garin su Okonkwo, bayan an rushe coci, Di'o ya ce kada a wulaƙanta su, ya yanka tarar jaka 200 ta wuri. Yana juya baya masinjojin kotu suka aske musu kai, suka hana su abinci, suka je gari suka ce jaka 250 ce, 50 tasu. Wanda Okonkwo ya sare a ƙarshe ma shugaban masinjoji ne, baƙar fata irinsa. Kada ka fassara wannan da cewa Bature ba shi da laifi. Tsarin ne aka gina yadda hannun da ke duka zai zama baƙi, mai umarni kuwa ya kwana da hannu fari tas.

Tafinta ya fi kowa hatsari, don shi kaɗai ke jin ɓangare biyu. Amadou Hampâté Bâ ya gina L'étrange destin de Wangrin, na 1973, a kan tafintan da ya gane cewa kumandan kurma ne bebe idan ba shi, ya yi ta juya Turawa da sarakuna yana tara dukiya. Boyi kuwa ikonsa a ido yake. Toundi na Oyono yana rawar jiki gaban kumandan har ranar da ya kai masa abu a wurin wanka ya ga ashe ba a yi masa kaciya ba, daga ranar tsoro ya fita daga ransa. Abin da ya hallaka shi kuma sani ne: ya san matar kumandan tana neman shugaban gidan yari, su kuma sun san ya sani. Satar da aka laƙa masa hujja ce kawai.

Idan kana neman batun kundi wanda ba a tattake ba, wannan rukunin mutanen tsakiya ya fi "Bature azzalumi, baƙi abin tausayi" albarka nesa ba kusa ba.

Yaya ake nazarin wuri, wato unguwa, gida da ofis?

Zana taswirar garin littafin da hannunka: ina gidan kumandan ko Razdan, ina kasuwa, ina gidan yari, wa ke ƙetare iyaka, da wane lokaci, ta wace ƙofa. Wannan rabuwa ba ƙagen marubuta ba ce. A Nijeriya dokar garuruwa ta 1917, zamanin Lugga, ta tanadi fili na yadi 440 da ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da hujjar kare Turawa daga zazzaɓin cizon sauro. Amma kuku da boyi a bayan gidan Baturen suke kwana, sai ka ce sauro ya san ma'aikaci. A garin Dangan na littafin Oyono har cikin coci an raba wurin zama. Hausa ma ta adana wannan taswira a bakinta: birni, Sabon Gari, bariki, har aka samu "ɗan bariki" da "barikanci", kalmomin da suka nuna yadda mutanen cikin ganuwa ke kallon wanda ya ƙetara.

Mulkin Ingilishi da na Faransa suna fitowa daban a adabi?

Suna fitowa, ko da yake kada a cika zuzuta bambancin. Faransa ta yi alkawarin cewa mai ilmin lakwal yana iya zama Bafaranshe, alhali in ka cire mutanen garuruwa huɗu na Senegal, kusan kowa talakan mulki ne da kumandan ke iya ɗaurewa har kwana 15 ba shari'a, ga lanho, wato haraji, ga aikin tilas, har zuwa 1946 da aka soke dokar da aikin tilas ɗin. Shi ya sa littattafan ɓangaren Faransa suka cika da ɗacin alkawarin da aka saɓa. Toundi yana gargarar mutuwa yana tambayar mene ne su baƙaƙen da ake kira Faransawa. Ousmane Sembène kuma, a Les bouts de bois de Dieu na 1960, ya ɗauko yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa na layin Dakar zuwa Neja na 1947 zuwa 1948, inda neman alawus ɗin iyali daidai da na Turawa ke cikin abin da ake ja a kai.

Ingilishi sun fi son mulki ta hannun sarakuna, har inda babu sarki su ƙirƙiro shi. Arrow of God na Achebe, na 1964, a kan haka yake: an yi wa Ezeulu, shugaban addinin gargajiya na garinsu, tayin sarautar takarda, wato wadda Bature ke naɗawa, ya ƙi, aka tsare shi. Bambancin da ya fi wannan girma shi ne ko Turawa sun zauna sun ƙwace gona. A Kenya sun ƙwace, shi ya sa a Weep Not, Child na Ngugi, Ngotho lebura ne a gonar kakanninsa da ta koma hannun Bature Howlands. Zafin littattafan Kenya, Zimbabuwe da Afirka ta Kudu daga ƙasar noma yake tasowa.

Me ya sa ƙagaggun labaran Hausa na farko kamar sun yi shiru kan Turawa?

Tambayi wanda ya buga su. Gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar da Idon Matambayi, Rupert East ne ya shirya ta a ƙarƙashin hukumar gwamnatin mulkin mallaka da ke Zariya, wadda ta fara a matsayin Hukumar Fassara ta koma Hukumar Talifi. Marubutan malaman makarantar gwamnati ne ko ma'aikatan En'e, littattafan kuma don 'yan makaranta aka yi su. Mai neman zagin Bature ƙarara a nan ya yi ɓatan kai.

Amma shirun ba cikakke ba ne. Ganɗoki na Bello Kagara ya buɗe da yaƙin Turawa na gaske: jarumin yana tare da Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora, garin da ya faɗi a 1901, labarin kuma ya bi sawun masu hijira zuwa gabas bayan faɗuwar Sakkwato a 1903. Daga nan sai ya tsallaka duniyar aljannu da yaƙe-yaƙen da jarumi ba ya faɗuwa, a ƙarshe ya dawo gida ya sasanta da sabon zamani. Ɗalibi mai ido zai tambaya: me ya sa nasarar da ta gagara a Burmi, inda Turawa suka ci masu hijirar da yaƙi, sai a ƙasar aljannu aka same ta? Kuma yabon ƙarshe, na zuci ne ko kuɗin shiga maɗaba'a? Littafin bai yanke ba, kai ma kana iya kawo hujjar kowane ɓangare, muddin daga matanin ka ɗauko ta.

To a ina Hausawa suka fi faɗin abin da ke ransu?

A waƙa, musamman ta ajami, wadda ba ta bi ta ofishin kowa ba. Akwai waƙar zuwan Annasara da ake dangantawa ga Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya yi shahada a Burmi a watan Yulin 1903, mai kiran a yi hijira maimakon zama ƙarƙashin Nasara. Akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano da ya zauna Salaga ya rasu a Kete-Krachi cikin ƙasar Gana ta yau a 1934, wanda ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa yana jera garuruwa da sarakunan da suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Lura da kalmar da suka zaɓa: Nasara, ba farar fata ba. A wurinsu rabuwar ta addini ce kafin ta zama ta launi, don haka kada ka ɗauko ma'aunin wariyar Amurka ka ɗora musu kai tsaye. Zuwa shekarun 1950, a waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin, muhawarar ta koma kan sarakuna da En'e da makomar Arewa, wato kan mutanen tsakiyan da aka yi bayani a amsar tafinta da masinja.

Ana iya kafa hujjar tarihi da littafin Sarraounia?

A'a, sai dai a kafa hujjar yadda ake tuna tarihi. Ƙashin bayan labarin gaskiya ne: rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa ta Nijar a 1899 tana ƙone garuruwa, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, ta gwabza da Aznan Lugu ƙarƙashin Sarauniya Mangu, daga baya Voulet ya sa aka kashe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, jagororin biyu su ma sojojinsu suka kashe su. Abdoulaye Mamani, ɗan Sawaba da ya yi zaman gudun hijira, ya fitar da littafinsa a 1980, ya cike gurbin da takardun Faransa suka bari da labarin baka da kuma ƙirƙirarsa. Maganganun da ya sa a bakin Sarauniya nasa ne. A jinga ka rubuta "Mamani ya nuna", kada ka rubuta "tarihi ya tabbatar".

Fifikon launi kullum tsakanin Bature da baƙi yake?

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya isa amsa. Babu Di'o a tsakiyarsa, bautar hamada ce: yaro ya tashi a hannun Balarabe, uwa ta fita nemansa ta faɗa hannun masu sayar da mutane har Tarabulus. Haka labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954: Baba ta ce su Haɓe sun so zuwan Turawa, kuma ta ba da labarin yadda bayin rinjinsu suka watse. Irin wannan shaida ba ta wanke mulkin mallaka, tana nuna cewa ya tarar da wasu matakalan fifiko a ƙasa, ya rushe wasu ya hau kan wasu. Mata ma haka: a Nervous Conditions na Tsitsi Dangarembga, na 1988, Tambu tana ƙarƙashin Turawan Rodeshiya, tana kuma ƙarƙashin baffanta shugaban makarantar mishan, kuma sai da yayanta ya mutu ta samu gurbinsa a makaranta.

Dole ne in kawo Fanon ko Said?

Idan sashenku ya ce a ɗora aiki a kan ra'i, to dole. Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Martinik da ya yi aiki a Aljeriya, ya dace da littafin da ke nuna mutum yana ƙin fatarsa yana kwaikwayon maigida, irin Johnson, ko garin da aka raba biyu, kamar yadda aka yi bayani a amsar wuri. Edward Said, a littafinsa Orientalism na 1978, ya fi dacewa idan kana nazarin yadda Bature ke rubuta wasu yana mai da rubutun hujjar mulki, irin Di'on Achebe da littafinsa. Zaɓi ɗaya. Kundin da ya jera masana biyar a babi na biyu sannan ba a sake jin ɗuriyarsu a babi na huɗu, mai dubawa yana gane shi tun daga shafin abubuwan da ke ciki.

Yaya sakin layin nazari mai kyau yake, kuma ina aka fi tuntuɓe?

Fara da iƙirari ɗaya da wani zai iya musawa, misali cewa a Umuofia wulaƙancin mulki ta hannun masinja ya iso. Kawo wurin da abin ya faru da lambar babi, ka ɗauko jimla ɗaya ko biyu, ba shafi ba. Sannan ka tsaya kan kalma ko adadi guda, kamar jaka 50 ɗin nan, ka faɗi abin da take nunawa. Rufe da abin da zai iya raunana hujjarka, wato cewa Di'o ne ya yaudari shugabannin zuwa taro ya sa aka ɗaure su tun farko, ka amsa shi.

Tuntuɓen da aka fi yi shi ne sake ba da labarin littafi daga farko zuwa ƙarshe a ce nazari ne. Na biye da shi, cika shafi uku da taron Balin na 1884 zuwa 1885, wanda ƙasashen Turai suka yi kan rabon Afirka, kafin a taɓa littafin. Sai dogaro da taƙaitawar intanet, wadda ke sa ɗalibai goma su kawo misali iri ɗaya da kuskure iri ɗaya. Idan fassara ka karanta, kamar Oyono da Turanci, ka faɗa a gabatarwa, kuma kada ka gina hujja kan zaɓin wata kalma sai ka duba ta a Faransancin asali, domin mai yiwuwa kalmar ta mai fassara ce.